Kaji Ashirin Masu Jan Zobe

Asabar, 3 ga wata

An yi musu, Malama! Jiya an yi wa kajinmu allurarki, har na riƙe kwalbar da hannuna!

Kin ga murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da abokan aikinki na ɗakin gwaje-gwaje. Mu lafiya lau, sai ciwon bayan kakarki da kika sani. Ta ce me zai hana in kira ki a waya kamar kowa. Na ce mata mutumin da ya shiga makarantar yamma yana da shekara hamsin da takwas, ya yi shekara huɗu a bencin yara gwiwarsa na dukan tebur, ba zai bar hannunsa ya yi tsatsa ba. Ga kunnen nan nawa, rabin magana yake ji a waya. Saboda haka ni zan rubuta, ita ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. In kin ga kuskure ki ja masa layi, kamar yadda kike yi mini da jan biro lokacin kina aji uku ni ina koyon haɗa baƙi.

Likitar dabbobi ce ta zo, doguwar nan mai saurin magana, da ma'aikata biyu da akwatin ƙanƙara. Kowa ya sa farar riga da takunkumi, ya tsoma takalminsa a ruwan magani a bakin ƙofa. Ni ma an ba ni rigar, ta ƙi rufe tumbina. Muna kama su ɗaya bayan ɗaya, a soka allura a ƙirji, a tsallakar da kaza bayan raga, har muka gama ɗakunan biyu. Na ce wa likita, ruwan nan jikata ce ta haɗa shi. Ta ce ai su goma sha ɗaya ne suka yi aikin. Na ce sauran goman masu miƙo mata kaya ne.

Ban manta bayaninki ba, cewa murar tsuntsaye tana sauya kama, tsohuwar allura ba ta gane ta, shi ya sa kuka shekara uku kuna raya ƙwayar cutar cikin ƙwai, ku kashe ta, ku gwada, ku sake. To ta iso mana a kan lokaci. Cutar ta shiga gonar da ke tsallaken gada. Kaji dubu huɗu, an haƙa musu rami ɗaya da mota. Mai gonar na gan shi zaune a ƙofar ɗakin da babu komai ciki, na gaishe shi bai ji ni ba.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Cikin kajinmu ɗari shida likita ta ware ashirin, goma a kowane ɗaki, ta sa musu jan zobe a ƙafa, ta mayar da su cikin sauran ba allura. Ga kwalba da saura a ciki! Na tambaye ta, ta yi bayani ta cikin takunkumi, ga kukan kaji, abin da na tsinta kawai shi ne 'yan gadi. Har Gurguwa tana ciki, wadda ƙofa ta danne wa ƙafa tana 'yar tsako na yi jinyarta a kwali. Wane laifi suka yi? Ki tambaya mini.

Kakarki tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Ɗalibinki,
Kaka

*

Alhamis, 15 ga wata

Ɗalibina,

Wa alaikumus salam. Na same ka lafiya? Yaya bayan Kaka? Rubutu ya yi kyau, kuskure biyu kacal, na yafe.

Ka yi haƙuri da jinkirina. Shafin farko kawai Kaka ta turo mini ranar, na karanta na yi dariya na ajiye, ina jiran hutu in ba ka amsa. Shafi na biyu sai yau da safe ya shigo, tare da hoton babban yatsanta. Shi ya sa nake rubuto maka a tsaye.

Ba a zalunci kajin nan ashirin ba, aiki aka ba su. Kazar da aka yi wa allura tana iya ɗaukar cutar ba ta kwanta ba. Ta ci, ta sha, ta yi ƙwai, alhali cutar tana fita daga jikinta a ɓoye, ta bi takalmi da tayar mota zuwa gonar wani. Wannan shi ne abin da muka fi tsoro a aikinmu: allurar da za ta hana mutuwa amma ta rufe mana ido. Masu jan zobe su ne idonmu. In cutar ta shiga ɗakin, su za su fara nunawa cikin kwana biyu ko uku, sai mu sani. In sun zauna lafiya, mun san ɗakin lafiya yake.

Don haka ka bar su a inda aka sa su, cikin 'yan'uwansu, abinci ɗaya, ruwa ɗaya. Kada a ware su, kada a cire zoben. Likita za ta dawo ranar ashirin da uku ta ɗebi jininsu. Na san Gurguwa, na san yadda take a ranka. Amma ɗakin nan mai raga da ruwan magani a ƙofa shi ne wurin da ya fi mata tsaro a duk unguwar.

Ka ci gaba da sauya takalmi in za ka shiga. Ka gaida Kaka, ka ce ta riƙa janye yatsa.

Malamarka

*

Juma'a, 16 ga wata

Malama,

Salamu alaikum. Ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Takardarki ta makara. Kajin ba sa ɗakin. Tun ranar Litinin biyar ga wata na kwashe su. Ranar ne iska ta kawo mana warin ramin tsallaken gada, na tsaya ina kallon Gurguwa tana ɗingishi tsakanin kaji ɗari uku da aka kare, ita ba a kare ta ba. Na ce ba za a bar marasa allura a bakin mutuwa ina kallo ba. Na zuba su a kwanduna, na turo su a baro har gida, na sa su a tsohon ɗakin ajiyar da ke bayan kicin. Da rana kakarki tana buɗe musu su sha iska a tsakar gida. Sau biyu likita ta bugo waya tana tambayar lafiyar masu jan zobe, na sa aka ce mata lafiyarsu ƙalau. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi inda suke ba.

Yau da safe kakarki ta buɗe ƙofa ta ƙwala mini kira. Uku sun mutu. Biyu suna tsaye kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi, idanu a rufe, ƙafafu kamar an ɗiga musu jan fenti. Na shekara arba'in ina kiwo, na ga zawo, na ga tari, ban taɓa ganin irin wannan ba. Jiya da yamma fa duk suka ci abinci.

Abokina mai walda, wanda muka zauna benci ɗaya a makarantar yamma, ya shigo aron tsani ya tarar da ni zaune a ƙasa. Ya leƙa ya gani. Ya ce, “Kai tsoho, in ka buɗe baki, ba kaza ɗaya da za ta kwana a gonarka. Rami za a yi maka irin na tsallaken gada.” Na ce to ya zan yi? Ya ce, “Zobe dai ba ya magana. Ka binne waɗannan a bayan gida, ka cire zobban ka wanke, ka sa wa ashirin cikin masu allura. Doguwar in ta zo ta ga jan zobe ashirin suna tsalle, ta rubuta, ta tafi. Jikarka ma a tafa mata.”

Na kore shi, amma maganarsa ba ta bi shi ba. Zobe uku na matattun suna aljihuna yanzu haka.

Malama, kajin gona lafiyarsu lau, na je na gani da idona. Da irinsu na aurar da babarki, da irinsu na kai ki makaranta. Ba ni da shekarun da zan sake farawa daga 'yan tsaki. Kuma ina tsoron in ɓata miki aikin shekara uku, a ce kakanta ne ya lalata. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki yi kamar shafin nan ma bai shigo ba.

Kakanki

*

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Kaka,

Salamu alaikum. Shafin ya shigo, na kuma karanta shi sau biyu.

Da farko: ka fitar da zobban daga aljihunka, ka sa su a leda tare da rigar, ka ɗaure. Ku wanke hannu da sabulu, kai da Kaka. Ka kulle ɗakin ajiyar, kada kowa ya sake shiga, kada a share, kada a binne komai. Kada ka koma gona. Cutar nan tana kama mutum, ba kasafai ba, amma tana kamawa, kuma Kaka ce take ba su abinci da hannu. In idonta ya yi ja ko jikinta ya yi zafi, asibiti nan take, ku faɗi gaskiyar abin da ta taɓa. Mai walda ma ya wanke takalminsa.

Na biyu. In ka sa zoben a ƙafar masu allura, takarda za ta ce gonarka ba cuta, ba tare da kowa ya sani ko haka ne ba. A kan irin wannan takardar za a tsaya a ce allurarmu ta yi, a kai ta gonaki ɗaruruwa, ga mutane irinka da suka yarda da mu. In da ɓaraka a cikinta, gara in gan ta yau a gonarka da in gan ta baɗi a gonar kowa. Ba na so a tafa mini a kan ƙarya.

Ba zan ce maka ba za a kashe kajin ba. Ban sani ba.

Yanzu ƙarfe biyu. Ka kira likita da bakinka, ka faɗa mata duk abin da ka faɗa mini. In ƙarfe uku ta yi ba ka kira ba, ni zan kira. Ka ji haushina yadda kake so, na ɗauka.

Ka nemo littafin nan da kake rubuta aikin kowace rana, ka ba ta ta karanta, kada ka cire ko shafi ɗaya.

Jikarka

*

Litinin, 19 ga wata

Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na kira. Saura minti goma ukun ta yi, kakarki ta danna lambar ta ɗora mini wayar a kunnen da ya fi ji, ta tsaya a kaina riƙe da ƙugu. Kwana uku ban rubuto miki ba don ina fushi da ke. Har yanzu da saura.

Kafin la'asar motoci biyu sun iso. An zagaye gidan da jan ƙyalle, maƙwabta sun yi cirko-cirko a titi. Sun shiga ɗakin ajiyar da buhuna. Gurguwa da ranta, tana tsaye a lungu, ba abin da ya same ta tukuna. Na roƙi likita ta bar mini ita kaɗai. Ta ce, “Baba, ba zai yiwu ba.” Na shiga ɗaki na rufe ƙofa har suka gama. Jiya sakamako ya fito, ita ce cutar.

Tare da likita akwai babban jami'i, gajere mai gilashi. Ya ce gida da gona mai su ɗaya ne, ƙafa ɗaya take zirga-zirga tsakaninsu, don haka a haƙa rami. Likita ta ce a dakata a duba littafin. Ya ce, “Littafin me? Tsohon nan ya iya rubutu?” Na ce masa na iya, na ma fi likitoci, don nawa ana karantawa. Ma'aikatan suka yi dariya, shi bai yi ba.

A tsakar gida na karanta musu da ƙarfi. Biyar ga wata, na kwaso masu zobe. Kowace rana: na je gona da sassafe da takalmin roba, na dawo, tsohuwa ta ba na gida abinci. Sha biyu ga wata: agwagin maƙwabci sun shigo ta ƙarƙashin ƙofa sun sha ruwa a bahon kaji, na kore su. Likita ta ce in maimaita wannan. Agwagin nan kullum a kududdufin bayan layi suke wuni tare da tsuntsayen daji. Ta ƙirga a yatsa, ta ce kajin sun kwana goma sha ɗaya a gida kafin su kwanta, da daga gona suka taho da cutar da tuni sun mutu. A gidana suka same ta. Ni na ɗauko su daga inda ba ta, na kawo mata su har ƙofa.

Sai na juya shafi na ga abin da na manta. Laraba, sha huɗu: ciwon bayan tsohuwa ya tashi, ni na ba na gida abinci, daga nan na wuce gona da silifas ɗina, takalmin roba yana jiƙe. Malama, idona ya riga bakina gani. Ba wanda ke kallon shafin sai ni. Zan iya tsallakewa. Na tuna ke ba ki taɓa bari na tsallake layi ba, sai na karanta.

Jami'in ya ce kun ji dai. Suka koma gefe da likita suna waya da manyanku kusan awa guda. Abin da aka yanke: tunda kajin suna cikin gwaji, an ba su kwana ashirin da ɗaya, daga yau ake ƙirgawa. An rufe gonar, ita ma an zagaye ta da jan ƙyalle, ƙwai ba ya fita. An kawo sababbin 'yan gadi ashirin an sa musu jan zobe. Kowane mako za a goga auduga a maƙogwaron kaji a kai gwaji. In ɗaya cikin masu zobe ta kwanta, ko auduga ɗaya ta nuna cutar, ranar za a kawo motar haƙa rami.

Ni an hana ni shiga. Kawunki ya ɗauki hutu a wurin aiki yana ba su abinci. Ina tsayawa a bayan shinge ina ƙirga jajayen ƙafafu ta raga, in kai tara a ɗaki, ta goman ta ɓace mini, in yi ta leƙe har sai ta fito daga bayan mazubin abinci. Yau na ga ɗaya kwance ta baje fiffike, na yi ihu kawunki ya yar da bokiti. Ashe wankan ƙasa take.

An ba mu ƙwayoyi da ma'aunin zafi. Kakarki lafiyarta ƙalau, sai masifa. Ta ce ta shekara hamsin tana gaya mini tausayina ya fi hankalina yawa.

Ki yi mana addu'a.

Kaka

*

Talata, 3 ga sabon wata

Ɗalibina,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da saura ko babu.

Audugar mako na biyu ma ba ta nuna komai ba, likita za ta gaya maka a hukumance. Ni an cire hannuna daga duk abin da ya fito daga gonarka, saboda jikarka ce ni, kuma daidai ne. Abokiyar aikina ce take yi. Ina zama a waje ina kallon ƙofa, kamar yadda kake kallon raga. Ranar da na rubuta maka maganar ƙarfe uku, a ɗakin sauya kaya na zauna na yi kuka har aka ƙwanƙwasa mini.

Na san abin da kake shirin cewa in an gama lafiya, don haka bari in riga ka. Ba za mu iya cewa allurar ce ta tare cutar ranar silifas ba. Wataƙila ita ce, wataƙila ruwan maganin bakin ƙofa ne, wataƙila silifas ɗin bai ɗauko komai ba. Gona ɗaya ba ta isa shaida ba, akwai sauran sha bakwai. Amma saboda kai, an sauya tsarinmu. Yanzu ba a barin gona sai an cire takunkumi a waje, an zauna da mai kajin, an yi masa bayanin 'yan gadi har ya maimaita da bakinsa. Shugabarmu ta nemi hoton shafin ranar Laraba, ta manna shi a bangon ofis.

Ba kai kaɗai ka kashe Gurguwa ba. Mu ma ba mu yi maka bayani yadda za ka ji ba.

Saura kwana shida. Ka ci abinci.

Malamarka

*

Litinin, 9 ga wata

Ashirin cif, Malama! Goma a nan, goma a can, duk a tsaye suna faɗa a kan abinci! Audugar ƙarshe ta fito fes, gajeren mai gilashi da kansa ya kwance ƙyallen, har ya ce in ba shi aron littafin. Na ce sai ya wanke hannu.

Au, salamu alaikum.

Na shiga ɗakin yau, da takalmin roba. Na tsaya a tsakiyarsu suna tsattsagar igiyar rigata. Akwai wata cikin sababbin masu zoben, mai karkataccen baki, tana ta bina. Ban ɗauke ta ba. Na ce mata ki tsaya a bakin aikinki.

Na ji maganarki ta gona ɗaya. Ke ki jira sha bakwai ɗinki, ni na riga na gaya wa duk layinmu. Fushin ma ya ƙare.

Ki taho ranar Asabar, ke da mijinki da babarki. Ki zo da abokiyar aikin nan taki da sauran masu miƙo miki kaya. Na gayyaci mai walda, na kuma je tsallaken gada na kamo hannun mai gonar, ya ce zai zo. Kowa ya zo ya gani da idonsa. Amma daga bayan shinge za ku tsaya, kuma duk wanda ya zo mini da silifas, a titi zai yi kallonsa.

Ɗalibinki,
Kaka